Man da ƙasa ba ta gama dafawa ba

Akwai wani dutse mai baƙi-baƙi, mai ɓarewa falle-falle, wanda ke kama wuta kamar gawayi. Faransawa na ce masa « schiste bitumineux ». Asalinsa lakar gindin tafki ce ko ta teku, wadda gansakuka da ƙananan halittu suka mutu suka cakuɗa da ita shekaru miliyoyi da suka shuɗe. In lakar ta nutse can ƙasa, zafi ya dafa ta, sai ta ba da man fetur mai gudu, irin na Agadem da ake tacewa a Damagaram tun 2011. In ba ta yi zurfi ba, sai abin ya tsaya ɗanye cikin dutsen. Masana na kiransa kerojen. Dole mutum ya ƙarasa dahuwar da kansa: a haƙo dutsen, a farfasa, a gasa shi a zafin digiri wajen 500.

Wajen wannan gashi ne riba ke zurarewa. A Amurka, jihohin Kolorado da Yuta da Wayomin na zaune bisa irin wannan dutse, wanda aka ƙiyasta yana ɗauke da mai fiye da ganga miliyar 1.000. A 1980, lokacin da mai ke tsada, kamfanin Exxon ya shiga aikin a Kolorado, har aka soma gina wa ma'aikata sabon gari. Da farashi ya sauka, kuɗin aiki kuma ya hau, sai kamfanin ya rufe wurin ranar 2 ga Mayu 1982. Mutum fiye da 2.000 suka wayi gari ba aikin yi. Haka ta faru a Otan ta Faransa: an yi fiye da shekara 100 ana tatsar mai daga dutse, amma a 1957 man rijiya mai araha ya kashe sana'ar.

Ƙasar Jodan kuwa, da ke sayo makamashinta daga waje, ta bi wata hanya. Tasharta ta Attarat, mai megawat 470, wadda aka kammala a 2023, ƙona dutsen take yi kai tsaye ta ba da lantarki, kamar yadda Estoniya ta daɗe tana yi.

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne. Sai dai duk ranar da aka ji shelar an gano ganga miliyar kaza a wata ƙasa, tambayar ɗan kasuwa ita ce ta farko: nawa za a kashe kafin ganga guda ta fito, nawa kuma za a sayar da ita?