Nasiha Ga Maniyyata A Kan Tafiyar Jirgin Sama Daga Kano Zuwa Jidda

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani ya jama'a, tsakanin filin jirgin saman Kano da na Jidda kimanin mil 2,100 ne, jirgi kuwa kan cinye shi cikin sa'a 5. Wanda ya bar Tsanyawa bayan asuba, ya bi ta Bichi, jirgi ya tashi da shi da hantsi, yana iya sallar magariba a Hijaz.

Mutanen da sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sai sun shekara biyu ko fiye, suna fatauci, suna ɗaukar karatu wurin malaman ayari. Hanyar ita ce makarantarsu.

Wannan sauƙi ni'ima ce, wajibi ne a gode wa Allah. Amma sa'a 5 ba ta isar mutum ya san hukuncin harami da ɗawafi da sa'ayi da tsayuwar Arfa. Saboda haka mai niyya ya zauna gaban malamin garinsu, ya karanci babin hajji na Risala, ya biya bashin abokan cinikinsa, kana ya nemi kujera. Allah Ya sa a dace, amin.