Kujerar Dubai ba ta yin sarki

Mu ƴan kasuwa mun fi kowa sanin kuɗin kujerun nan masu ruwan zinariya da ake shigowa da su daga Dubai da Sin da Turkiyya. Mu ke sauke su a Kwatano, mu biya duwan, mu kai su Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. To abin da ke damunmu shi ne yadda suke cika fadojin sarakunanmu, har falon sarki da na alhajin da ya ci ribar shinkafa sun zama ɗaya.

A da ba haka iko ke nuna kansa ba. Wanda ya shiga fadar Damagaram a unguwar Birni, wadda aka gina wajajen 1850, ya san tun daga ƙofa ake fara ladabtar da baƙo. Ka ratsa zaure, dogarai na kallonka, ka sake ratsa wani, ka tuɓe takalmi, ka zauna ƙasa, sarki yana bisa. Kafin ka buɗe baki ka riga ka san matsayinka.

Sannan ka ɗaga kai. Azara gajeruwa ce, ba ta haye ɗaki mai faɗi. Sai gwanin magini ya ɗaura bakan gizo, baka bisa baka, kafin a samu soron da zai ɗauki fadawa. Saboda haka faɗin soro kansa shaida ne cewa mai gidan yana da magina, da masu ɗauko ƙasa, da hatsin ciyar da su. Wannan ba a saye shi a kanti, ko da jaka nawa mutum ya zo.

Masu cewa zamani ya wuce nan su dubi Kano. A 2024, da rikicin sarauta ya tashi, Muhammadu Sanusi na biyu ya shiga Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero ya sauka gidan Nasarawa, kuma zancen gari duka ya koma kan wa ke zaune a ina. Gidan da Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15 ake wa wannan ja-in-ja.

Ba mu ce sarki ya zauna cikin zafi ba. A sa fanka, a ja lantarki. Amma in an zo karo-karon gyaran fada, ko za mu kai gaisuwar salla, mu ba maginan gargajiya aikin yaɓe da zane, mu sayi shimfiɗa da matasan fata wurin dukawanmu. Da yawansu sun tsufa, ƴaƴansu kuma sun koma kabu-kabu.