Tarukan ƙirƙirarriyar basira: an karɓi takarda, mai ita ya rasa biza

Ga mai binciken ƙirƙirarriyar basira, samun shigar takardarsa a babban taro irin NeurIPS ko ICLR kan buɗe masa ƙofar aiki da tallafin karatu. Sai dai ga ƴan Afirka, tsallake masu tantancewa ba shi ne ƙarshen wahala ba. A 2018 da 2019, Kanada ta hana masu bincike da dama daga nahiyar bizar halartar NeurIPS a Montreal da Vancouver. Wannan na cikin dalilan da suka sa ICLR ya zaɓi Addis Ababa a 2020, kafin korona ta mayar da taron intanet. Sai a 2023 aka yi shi a Kigali. Muddin tarukan suna yawaita a Turai da Arewacin Amurka, ofishin jakadanci ne alƙali na ƙarshe.