Lissafin Layi: Abin da Famfon Tamale Ke Koyarwa

Idan rani ya tsananta a Tamale, tun kafin kiran assalatu ake jera jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo, daga Aboabo har Lamashegu. Ruwan birnin daga Farin Kogin Volta yake fitowa, a tace shi a Dalun, amma yawan jama'a ya fi ƙarfinsa. Mai jira kuwa haƙuri ake ba shi, kamar tsawon layi ƙaddara ce. Alhali layi yana da lissafi, kuma lissafin yana nuna magani.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, shi ya aza harsashin wannan fanni a shekarar 1909, yana aiki da kamfanin tarho na birnin Kwafanhagan. Abubuwa uku ake dubawa: yawan masu zuwa, saurin biyan buƙatarsu, da adadin wuraren da ake biyanta.

A ɗauka famfo ɗaya yana sallamar mutum 30 a awa, mutane kuma suna zuwa ba bisa tsari ba, wani da jarka ɗaya, wani da biyar. Ƙa'ida mafi sauƙi ta ce a debe masu zuwa daga waɗanda ake sallama, sannan a raba minti 60 da abin da ya rage. In mutum 24 ke zuwa a awa, saura 6, kowa zai ɓata kimanin minti 10. In suka kai 29, saura 1, jira ya zama awa guda cur. Mutum biyar kacal aka ƙara, amma jira ya ninka sau shida.

Akasin haka ma gaskiya ne. In aka gyara bututu famfon ya koma sallamar mutum 33, awar nan za ta dawo minti 15.

Saboda haka kuskure ne hukuma ta ɗauki famfon da ke hutawa, ko ma'aikacin asibitin da ya sami sarari, a matsayin asara. Wannan ɗan rarar ita ce ke haɗiye cunkoso. Inda babu ita, wani ne ke biya: yarinyar da ta makara zuwa makaranta, da mai koko da ba ta ɗora tukunya ba har hantsi. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya ƙara bakin famfo.