ƘABILANCIN MADABOD: TAMBARI BA YA ƘARA WA KWAMFUTA GUDU

Jama'a, yau 'yan uwana masu haɗa kwamfuta zan taɓa, kuma na san wasu za su ji zafi. A yi haƙuri, abin ne ya kai ni bango.

Makon jiya ɗan yayana ya shigo min gida rungume da kwamfuta kamar wanda ya ɗauko mara lafiya. Yaron nan sana'arsa tace bidiyon biki da 'yan tallace-tallace, da ita yake biya wa kansa kuɗin makaranta. Wata tara ya yi yana zubin adashi don ya haɗa injin da zai riƙa fitar masa da aiki da wuri. Kafin ya je kasuwa sai ya shiga wani guruf ya yi tambaya: wane madabod zan saya, ina son yin obakulokin? Ga wanda bai sani ba, madabod shi ne babban allon da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa, obakulokin kuma shi ne ka tilasta wa furosesa gudu fiye da wanda masana'anta ta yanka masa. Ya nuna min amsoshin a wayarsa. Wallahi babu mutum ɗaya da ya tambaye shi wane furosesa gare shi, wane aiki zai yi, ɗakinsa da AC ko babu, wutar unguwarsu yaya take. Kowa sunan kamfani kawai yake jefo masa, ana ta zagin juna kamar gidan kallon ƙwallo ranar Madrid da Barcelona.

Ya je shago aka ɗauko masa kwali mai sheƙi, mai shago ya ce, "Ai wannan kamfanin ba a magana." Ya biya kuɗin suna. Da canjin da ya rage ya sayi fawafak na gwanjo da 'yar ƙaramar fanka. Ya dawo gida ya shiga BIOS, ya nemi wurin ƙara gudu sama da ƙasa bai gani ba. Bod ɗin na babban kamfani ne da gaske, ba jabu ba ne, amma ajinsa ba ya ba da damar obakulokin kwata-kwata, alhali ya ƙara kuɗi ya sayi furosesa buɗaɗɗe. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙari a kan haka, da ya ɗora bidiyo mai nauyi sai injin ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Bidiyon wani biki ya kwana biyar bai fita ba, uwar amarya ta zo ta karɓe kuɗinta. Ya ce min, "Baffa, ai cewa aka yi kamfanin nan ya fi kowa." Na ce masa zauna.

Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Wanda ke buɗe ƙofar obakulokin ko ya kulle ta shi ne cifset, kuma Intel da AMD ne ke yanke wannan hukunci, mai buga tambari a kwali ba shi da ta cewa. A ɓangaren Intel sai ka haɗa abu biyu: furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, da bod mai cifset na Z, kamar Z690 ko Z790. Bod na B660 ko B760 zai bar ka ka ƙara wa RAM gudu, amma ba zai sakar maka linzamin furosesa ba. H610 kuwa ko na RAM ɗin ba ya bayarwa. A ɓangaren AMD an fi sassauci: B450, B550, X570, B650 da X670 duk suna ba da dama, amma ajin A, irin su A520 da A620, ba su yarda a ƙure furosesa ba. To ka gaya min, in ka sayi H610 na kamfanin da kake yi wa kirari, me kirarin zai yi maka? Z790 mafi araha na kamfanin da kake rainawa ya fi shi a wannan aikin, nesa ba kusa ba.

Sannan waɗannan kamfanoni huɗu da muke faɗa a kansu, ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, duk 'yan Taiwan ne. ASRock ma daga cikin ASUS ya fito a 2002. Cifset ɗin B550 da B650 da ke kan bod na AMD, kamfanin ASMedia ne ya ƙera su, wanda shi ma ɗan gidan ASUS ne. Wato mai bod ɗin MSI ko Gigabyte na B650 da ke zagin ASUS a Facebook, a kan kayan dangin ASUS yake rubuta zagin. BIOS ɗin yawancinsu kuma tushensa ɗaya ne, na kamfanin AMI na Amurka, kowa ya yi masa fenti da launin gidansa. Su can suna cinikinsu da juna lafiya lau, mu nan muna ɓata zumunci.

Inda bod ke bambanta da bod da gaske shi ne VRM, wato waɗannan ƙananan kayan da ke kewaye da mazaunin furosesa. Aikinsu su karɓi wuta mai bolt 12 daga fawafak su sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai, wadda furosesa ke sha. Duk lokacin da ka ƙara gudu, su ne ke ɗaukar dakon. In ba su da inganci, ko ba a ɗora musu ƙarfen da ke zuƙe zafi ba, sai su gasu, bod ya rage wa furosesa gudu da kansa don ya tsira. Ka ga an yi ba a yi ba. Kuma kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan yana da bod mai VRM kamar na tirela, yana kuma da mai VRM tsirara babu ko ƙarfen sanyaya, duk tambari ɗaya a jiki. Kamar ka ce kai Toyota kake so ne, ba ka faɗi ko Hilux ko Starlet ba, alhali kayan gona za ka ɗauko daga ƙauye da damina.

Masu cewa nasu kamfanin ba ya kuskure, bari in tuna muku abin da duniya ta gani. A Afrilun 2023 furosesoshin Ryzen 7000X3D suka riƙa ƙonewa a mazauninsu, labarin ya fi yin ƙara a kan bod na ASUS, har AMD ta fitar da gyaran da ya taƙaita wutar sashen SoC a bolt 1.3. A Mayun shekarar masu binciken tsaro na Eclypsium suka bankaɗo wata kafa a manhajar cikin bod na Gigabyte samfuri sama da 200. A shekarar dai aka yi wa MSI kutse aka kwashe makullan sirri na sa hannu a manhajarsu. A 2025 rahotannin mutuwar Ryzen 7 9800X3D suka yawaita, mafi yawa a kan bod na ASRock, har kamfanin ya fito da sabon BIOS. Kowa ya sha tasa ranar.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 2024, lokacin da Core i9-13900K da 14900K suka riƙa tuntuɓe. Intel ta rubuta iyakar wutar furosesan a wat 253, amma bod da yawa na manyan kamfanonin nan suna fitowa daga kwali da iyakar a kan wat 4,000 da ɗoriya, wato babu birki ke nan, don kawai nasu ya zo na ɗaya a gwajin masu sharhi. Daga baya Intel ta amsa cewa akwai matsala a nata ɓangaren, ta fitar da gyara a Agusta da Satumba, ta ƙara garanti na shekara biyu. Amma darasin yana nan: kamfanin da kake kare wa mutunci yana iya sakar wa furosesanka wuta ba tare da ya tambaye ka ba, saboda gasar talla. Ba ya ƙaunarka, ciniki yake yi.

Na san me za a ce min. Za a ce ai a kan bod ɗin ASUS aka fara haye gigahaz 9. Gaskiya ne, a Disambar 2022 aka yi, da 13900K a kan ROG Maximus Z790 Apex. Ban raina ba, aikin ƙwararru ne. Amma da ruwan iskar heliyom aka sanyaya shi, abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma na ɗan lokaci ne, a ɗauki lamba a kashe. Kai da ke ɗaki ciki da falo da fankar sama, me ya haɗa ka da wannan? Bod ɗin da ke hannunka ma ba shi ba ne, sunan mahaifi kawai suka haɗa.

Mu da muka ɗan kwana biyu mun ga lokacin da obakulokin ke da riba. Celeron 300A na 1998 ana ɗaga shi daga megahaz 300 zuwa 450, rabin gudunsa kyauta. Core i5-2500K na 2011 yana zuwa da gigahaz 3.3, mutane na kai shi 4.5 da fanka mai kyau. Yau fa? 14900K da kansa yake hawa gigahaz 6 daga kwali. Masana'anta ta riga ta tatse saniyar, abin da ya rage maka ɗan kaɗan ne, kuma da tsada za ka same shi, don zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Ƙarin gudu na buƙatar ƙarin bolt, wutar da furosesa ke ci kuma tana hawa ne da bolt sau bolt. Ɗan ƙari a bolt, babban ƙari a zafi.

Nan ne maganar ta zo gida. Masu sharhin da muke kallo a YouTube a ɗaki mai sanyin digiri 20 da 'yan kai suke gwajinsu. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Furosesan Intel na wannan zubin yana fara ja da baya a digiri 100, Ryzen 7000 a 95. Wato tun kafin ka danna maɓalli, yanayi ya cinye maka kusan digiri 20 daga cikin filin da Bature ke wasa a ciki. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ga wutar da ke zuwa rabi, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, a koma janareto. Ga kuma garanti: kayan da aka shigo da su ta hannun ɗan kasuwa, in sun ƙone wa za ka kai wa? Ko a can inda garanti ke aiki, Intel da AMD sun rubuta cewa ɓarnar obakulokin ba ta cikinsa, kuma inshorar da Intel ke sayarwa don wannan ta daina tun 2021. Garin neman gira ake rasa ido.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san nauyin albashin wata. Ko a ofis in za a yi odar kaya, ƙa'ida ita ce a rubuta abin da ake so kayan ya iya yi. Duk takardar da ka ga an kafe a kan sunan kamfani ɗaya, to ka sa ayar tambaya. Haka nan ya kamata mu yi wa aljihunmu. Kafin ka biya, ka tambayi waɗannan:

1. Wane cifset ne, kuma ya dace da furosesana da abin da nake son yi?
2. Wannan samfurin, da lambarsa cikakkiya, yaya zafin VRM ɗinsa a gwajin masu zaman kansu? Lambar za ka bincika, kada ka tsaya a sunan kamfani.
3. Yana da maɓallin sake ɗora BIOS daga filasha ko da injin bai tashi ba? ASUS da ASRock na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. A ƙasar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, wannan maɓallin ya fi duk fitilun ado daraja.
4. RAM ɗina na cikin jerin waɗanda aka gwada a kan bod ɗin?
5. Bayan na saya, kuɗina zai kai fawafak mai kyau, babbar fanka da UPS? In amsar a'a ce, bod ɗin ya fi ƙarfinka, sauko ƙasa.

Shawarata kuma ga mafi yawanmu: maimakon ƙara wuta, rage ta. Kunna XMP ko EXPO don RAM ya yi gudun da ka biya. In AMD ne, yi amfani da Curve Optimizer ko Eco Mode. In Intel ne, sabunta BIOS ka mayar da iyakar wuta inda Intel ta ce. Furosesan zamani in ya sami sanyi da kansa yake riƙe gudunsa. Sannan ka gwada da Cinebench ko OCCT, kana kallon zafi a HWiNFO, kuma da tsakar rana za ka gwada, ba da asuba ba.

Wanda obakulokin ke ba shi nishaɗi, yana da AC da sola da kuɗin maye abin da ya ƙone, bismillah, kuɗinsa ne. Faɗana da masu ba da shawara da ka ne, da masu shagon da suka san bambancin H da Z sarai amma su yi shiru saboda kwalin da ya daɗe a kanta ya fita. Yaro ya zo da adashin wata tara, ka dube shi ka sayar masa da tambari. Haba Malam.

Ɗan yayana dai ba mu canja bod ɗin ba, don babu kuɗin. Na cika masa ya sayi fawafak sabo da fanka babba, muka sauke iyakar wuta a BIOS. Shekaranjiya ya fitar da bidiyon awa biyu injin bai ɗauke ba. Ƙarin kuɗin da ya zuba a furosesa buɗaɗɗe kuwa ya tafi, uwar amarya ma ba ta dawo ba.

Wanda bai yarda ba, ƙofa a buɗe take. Amma in za ka zo, ka zo da lambar samfuri, da zafin VRM, da zafin ɗakin da aka yi gwajin. In sunan kamfani kawai ka riƙo, ka bari sai ranar wasan Madrid.