ƊAN SANDAN DA BARCI YA ƘAURACE WA

Yau na ɗan jingine alƙalamin labari, ina so mu tattauna a kan wani fim na Amurka mai suna Insomnia, wato rashin barci, wanda ya fito a shekarar 2002. Na fara kallon sa shekarun baya a faifan haya, ban fahimci komai a ciki ba illa dai na ga babu duka da harbe-harbe yadda nake so, na ce wannan ai ɓata kuɗi ne. Kwanakin baya na sake zama na kalle shi a natse, sai ga shi ya hana ni sukuni, har na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a kansa. Amma ina gargaɗi, zan fasa ƙwan labarin har ƙarshe, don haka wanda bai kalla ba kuma yake son kalla, ya dakata a nan.

Christopher Nolan ne ya ba da umarni, wannan dai da ya yi Memento a 2000, ya zo ya yi finafinan Batman, kuma ya lashe kyautar Oscar a 2024 da fim ɗin Oppenheimer. Ba shi ne ya ƙirƙiri labarin ba, asalinsa fim ne na ƙasar Norwe da aka yi a 1997, Turawan Amurka suka ɗauka suka sake ɗinka masa riga. Kun ga ke nan ba 'yan fim ɗinmu kaɗai ke wanki ba, sai dai su izini suke nema kafin su wanke.

Ga yadda abin yake. An kashe wata yarinya 'yar shekara 17 mai suna Kay Connell a wani ɗan ƙaramin garin masunta da ake kira Nightmute a jihar Alaska. Sai aka turo ƙwararrun 'yan sandan bincike biyu daga Los Angeles, Will Dormer (Al Pacino) da abokin aikinsa Hap Eckhart. Sun zo ne a lokacin da rana ba ta faɗuwa a can, dare da rana gari tangararan. Akwai wurin da Dormer ya ce a kai shi makarantar su yarinyar yanzun nan ya yi wa saurayinta tambayoyi, sai aka ce masa ranka ya daɗe ai ƙarfe goma na dare ne.

To ashe su biyun sun baro wuta a gida. Sashen da ke binciken 'yan sanda masu laifi yana tona ayyukan Dormer na baya, shi kuma Hap ya faɗa masa ƙiri-ƙiri a daren farko cewa zai ba su haɗin kai don ya tsira da kansa, yana da iyali. Bayan haka suka ɗana wa mai kisan tarko da jakar yarinyar a wata bukka a bakin ruwa. Mutumin ya zo, lasifikar wani ɗan sanda ta yi ƙara bisa kuskure, ya sulale ta ramin da ke ƙarƙashin bukkar, aka bi shi cikin hazo mai kauri wanda ko tafin hannunka da ƙyar kake gani. Dormer ya hango mutum, ya harba. Da ya ƙarasa sai ya tarar Hap ne kwance. Kafin ransa ya fita, Hap yana ta ƙoƙarin ture shi, don shi a zuciyarsa da gangan aka harbe shi.

Daga nan ne fim ɗin ya fara, a ganina. Dormer ya san in ya ce shi ne ya yi harbin, babu mai yarda kuskure ne. Sai ya ce mai kisan ne ya harbi Hap. Ƙarya ɗaya kuwa ba ta tsayuwa da ƙafarta. Ya ɗauki bindigar da mai laifin ya yar, ya harbi mushen kare a wani lungu, ya ciro harsashin, ya musanya shi da wanda aka ciro daga jikin abokinsa. Ya buga wa matar Hap waya da bakinsa ya yi mata ta'aziyya, ita kuma cikin kuka take roƙonsa in ya kama wanda ya kashe mata miji kada ya tsaya kai shi kotu. Ku duba wannan wuri da kyau, ku dubi fuskar Al Pacino yana riƙe da kan waya. Wallahi na rubuta babin kuka da yawa a rayuwata, amma ban taɓa rubuta mai nauyin wannan ba, kuma ba a yi wata doguwar magana a ciki ba.

Shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya manne labule da salatif, ya jibga matasan kujera a taga, ya ɓoye agogo, duk a banza. Kusan mako guda bai runtsa ba. Wata rana mai kula da masaukin ta shigo saboda maƙwabcinsa ya yi ƙorafin hayaniya, ya ce mata haske ne ya yi yawa a ɗakin. Ta ce masa ai ɗakin nan duhu ne, ta kunna fitila don ya gani. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ya fara kama ni shi ne, mu marubutan Hausa ba mu cika yin irin wannan ba, har da ni mai maganar. In muka kawo ɗan sanda, ko dai jarumi ne kyakkyawa mai mota wanda zai auri tauraruwa a littafi na uku, ko kuwa azzalumi mai tumbi mai karɓar na goro. In muka kawo mugu, tun daga shafin farko mun sa masa jajayen idanu da baƙar zuciya, kishiya ce ko uwar miji ko boka. Mai karatu ba ya shan wahalar gane wa zai so, wa zai tsana. Shi kuwa Dormer mutumin kirki ne a aikinsa, ya kama miyagu da yawa, kuma shi ne maƙaryacin. Kana jin haushinsa kana kuma addu'ar kada a kama shi. Da ka farga da wannan addu'ar taka sai kunya ta kama ka.

Har ƙarshen fim ba a gaya mana ko da gangan ya yi harbin ba. Da aka tambaye shi, cewa ya yi shi ma yanzu bai sani ba. Wasu za su ce wannan raki ne na marubucin, ya kasa yanke hukunci. Ni ban yarda ba. Mu da muka tashi da karatun cewa niyya ita ce ginshiƙin aiki, mun san bambancin kisan ganganci da na kuskure ba ƙarami ba ne. A Suratun Nisa'i aya ta 92 an tsara hukuncin kisan kuskure, akwai diyya ga dangin mamaci, akwai kaffara, wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba ya yi azumin wata biyu a jere. Wato ko kuskuren ma ba a bar mutum ya share ya wuce ba, an ba shi hanyar da zai sauke nauyi, kuma hanyar tana farawa ne da ya tsaya gaban mutane ya ce ni ne. Dormer ya toshe wa kansa wannan ƙofa a cikin minti biyar na farko. Da ya faɗi gaskiya, da wataƙila ya riƙe yaƙininsa cewa kuskure ne. Amma da ya yi ta binne abin, sai shi kansa ya fara tambayar kansa, in kuskure ne me ya sa nake ɓoyewa haka? Ƙaryar da ya yi wa mutane ita ta cinye masa sanin abin da ke zuciyarsa.

Kuma ba ranar ya fara ba. Ya faɗa wa matar masaukin nan cewa shekarun baya akwai wani mutum mai suna Dobbs da ya azabtar da yaro ɗan shekara 8 ya kashe shi. Dormer ya tabbata shi ne, amma babu hujjar da za ta gamsar da kotu. Sai ya ɗebi jinin yaron ya shafa a tufafin mutumin. Ga tambayar nan da na san da yawanmu za mu amsa da sauri: to mene ne laifinsa, ai mugu ya kama? Ni ma haka na ce da farko. Amma ku lura, hannun da ya shafa jini a rigar Dobbs don a yi adalci, shi ne ya musanya harsashi don ya tsira da kansa, kuma bai yi rawa ba saboda ya saba. Duk wanda ya taɓa zama a gaban kanta a caji ofis, ko ya je belin ɗan'uwa, ya san abin da ake nufi da jami'in da ya riga ya yanke hukunci a ransa sannan yake neman hujja daga baya. Wata rana zai dace, wata rana kuma ɗan wani ne zai tafi gidan yari a banza. A fim ɗin ma haka ta faru, saurayin yarinyar, Randy, shi aka ɗora wa kisan aka kama, Dormer yana tsaye yana kallo ya san ƙarya ne.

Yanzu bari in zo wurin da ya fi taɓa ni, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Wanda ya kashe yarinyar marubuci ne. Walter Finch sunansa, yana rubuta ƙananan littattafan bincike, ba wani shahararre ba, irinmu dai. Robin Williams ne ya fito a matsayinsa, ɗan barkwancin nan da ya rasu a 2014, kuma zaɓensa hikima ce, don fuskarsa ta mutumin da za ka ba ajiyar 'yarka ce. Kay mai karanta littattafansa ce. Ta neme shi, ya saurare ta, yana saya mata kyaututtuka, tana kawo masa kukanta in saurayi ya dake ta. Ran nan ya nemi ya sumbace ta, ta yi masa dariya, shi ke nan ya hau ta da duka har ta mutu. Ya wanke mata gashi, ya yanke mata farce, ya kai gawar juji.

Jama'a, mu da muke sa lambar waya a bayan littafi mun san wannan alaƙa. Yarinya za ta karanta littafinka ta ɗauka duk duniya babu wanda ya fahimce ta sai kai. Za ta kira ka ta gaya maka abin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, tana ce maka Yaya ko Malam. Amana ce mai nauyi, kuma ba kowa ke ɗaukar ta a matsayin amana ba. Ban kama sunan kowa ba, amma ba yau aka fara jin marubuci ya mayar da masu karatunsa wurin farauta ba. Da na ga Finch yana magana a hankali, da tattausan lafazi, yana cewa shi ba mai kisa ba ne, tsautsayi ne, sai na ji tsigar jikina ta tashi, don na gane sana'ar da yake amfani da ita. Tsara labari yake yi. Ya ga harbin da aka yi cikin hazo, ya riƙa kiran Dormer a waya da tsakar dare, suka haɗu a jirgin fito, ya naɗi maganarsu a rakoda a ɓoye, sannan ya zauna yana tsara yadda za a karkatar da zargi kan Randy kamar mai shirya babi na gaba. Yana so Dormer ya yarda cewa su biyun jirgi ɗaya ya kwaso su. Dormer ya tuna masa cewa shi minti goma ya ɗauka yana dukan yarinya, wannan ba tsautsayi ba ne. Gaskiya ya faɗa. Sai dai duk da haka ya ci gaba da ɗaga wayar in an kira.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne ƙarshensa. Akwai matashiyar 'yar sanda Ellie Burr (Hilary Swank) wadda tun tana makarantar horo take nazarin ayyukan Dormer, tana ganinsa kamar waliyyi. Ita aka ba binciken mutuwar Hap. Ta kawo rahoto ya sa hannu a rufe magana, shi da kansa ya ce ta koma ta sake tabbatarwa, kamar mai neman a kama shi. Ta koma bakin ruwan ta tsinci kwanson harsashin da bai dace da bindigar mai laifi ba, ta gano komai. A ƙarshe aka yi musayar wuta a gidan Finch na bakin tafki, Finch ya mutu, Dormer ma ya sami rauni na ajali. Yana kwance, Ellie ta ɗaga hannu za ta jefa kwanson a ruwa don ta rufa masa asiri, ya hana ta, ya ce kada ta bar hanyarta. Sannan ya nemi a bar shi ya yi barci.

Wurin yana da taɓa zuciya, ban musa ba, kuma hana ta da ya yi shi ne aiki mafi kyau da ya yi a fim ɗin gaba ɗaya. Amma ni a ganina an sauƙaƙa masa. Faɗar gaskiya lokacin da ka san ba za ka kai gobe ba ba ta da tsada. Bai tsaya gaban alƙali ba, bai ga an buɗe shari'ar Dobbs ba, kuma bai sake ɗaga waya ya kira matar Hap ya ce mata ni ne ba. Wannan kiran shi na so in gani. Dabarar nan ta kashe mai laifi a shafin ƙarshe mu ma mun iya ta, haɗarin mota ko ciwon ajali, ya yi kuka a gadon asibiti ya nemi gafara, kowa ya ce na yafe, a rufe littafi. Na yi haka a littafina fiye da sau ɗaya, saboda takarda ta kusa ƙarewa kuma masu karatu suna son su ga sakayya da idonsu.

Na Norwe bai yi wannan rangwamen ba. A can ɗan sandan, wanda Stellan Skarsgård ya fito a matsayinsa, ya fi na Amurka ƙazanta nesa ba kusa ba, kare mai rai ma ya harbe. Kuma bai mutu ba. 'Yar sandar da ta gano shi ta ajiye masa kwanson harsashin a gabansa ta ƙyale shi, ya shiga mota ya kama hanya, ba kamu ba shari'a, idanunsa a buɗe. Na san da yawa daga cikinku za su fi son na Amurka, ni ma shi ya fi yi mini daɗin kallo. Amma da na kashe fitila na kwanta, na Norwen ne ya riƙa dawo mini, ina ta lissafin shekara nawa mutumin nan zai yi a haka.

Akwai labarin da na ajiye rabi tun bara, na wata mata da ta yi sanadin mutuwar ɗan kishiyarta ba tare da kowa ya sani ba. Na riga na tsara motar da za ta kaɗe ta a babi na ƙarshe. Yanzu na soke wannan babin, zan bar ta da ranta a cikin gidan, ita da kishiyar suna cin tuwo a kwano ɗaya. In littafin ya fito kuka ji haushina, ga inda abin ya samo asali.