Cibarakaten: wanda ya tsare hanya shi ke da gari

A wannan mako filin namu zai nufi arewa, can inda duwatsun Abzin suke ƙarewa, rairayin Tenere ya karɓa, dab da iyakar Aljeriya. Sunan wurin Cibarakaten, kimanin kilomita 400 daga Arlit. Kafin shekarar 2014 ba wanda ya san da shi sai makiyaya da direbobin hamada. Yau kuwa, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, da wuya ka zaga unguwa guda ba ka sami gidan da ke da ɗa ko miji a can ba, ko yana cikin rami yana haƙar zinariya, ko yana sayar wa masu haƙa abinci.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata hira da na yi da wani ɗan kasuwa a tashar Arlit. Ya ɗaure motarsa da shinkafa da makaroni da mai da gazuwal, yana jiran ranar da ayari zai tashi da rakiyar sojoji. Na tambaye shi ko ba ya tsoron hanya. Ya yi murmushi, ya ce mini shi yanzu bai damu da sanin wane ne ke riƙe da bindiga a hanyar ba, muddin zai kai kayansa lafiya ya komo da kuɗinsa. Mutumin dattijo ne, mai salla, mai biyan haraji, ba ya ƙaunar ƴan ta'adda ko kaɗan. Amma maganar tasa ta hana ni barci, domin da irinta ne aka rasa garuruwa da dama a Mali da Burkina Faso.

Abzin ba baƙon yaƙi ba ne. A ƙarshen 1916 Kaosan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, kuma bayan da aka karya shi a 1917 ramuwar gayyar ƴan mulkin mallaka ta faɗa kan malamai da talakawan da ba su ɗauki makami ba. Abin da ya auku a Cintabaraden a watan Mayu na 1990 ya buɗe ƙofar tawayen da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da har yanzu muke hutawa dominta. An ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, aka ce an gama. A watan Fabrairu na 2007 sai ga ƙungiyar MNJ ta kai hari Iferwan, wuta ta sake tashi har 2009.

Wannan na biyun na gan shi da idona, lokacin muna lise a Agadas. Gwamnatin Tanja Mamadu ta sa jahar cikin dokar ko-ta-kwana tun watan Agusta na 2007, aka binne nakiyoyi a hanyoyi, garin Iferwan ya kusa zama kufai. Mun ga mata da tsofaffi suna isowa da ƴan ƙullin kayansu, sun baro lambuna da awaki. Manoman Timiya da Tabelot, masu lemo da albasa da dankali, sun sha ganin amfaninsu yana lalacewa don babu direban da zai yarda ya hau dutse. Ba su ne suka shirya yaƙin ba, kuma ba a tambaye su ba ranar da aka zauna sulhu.

Sai dai waɗannan tawaye ba da sunan addini aka yi su ba. Maganarsu rabon arziki ce da rabon mulki, shi ya sa aka iya zama da su a teburi. Masu iƙirarin jihadi daga baya suka zo, kuma daga waje. A daren 15 wayewar 16 ga Satumba 2010 mayaƙan AQMI suka shiga Arlit, suka sace mutum 7 masu alaƙa da kamfanonin Areva da Satom: Faransawa 5, ɗan Togo da ɗan Madagaska. Huɗun ƙarshe ba a sako su ba sai ƙarshen Oktoba 2013. Ranar 23 ga Mayu 2013 kuma, da sassafe, motoci biyu maƙare da bam suka tashi, ɗaya a barikin soja na Agadas, ɗaya a masana'antar Somaïr ta Arlit. Sojoji fiye da 20 suka rasu a Agadas, ma'aikaci guda ya rasu a Arlit. Ƙungiyar MUJAO da mutanen Muktar Belmuktar suka ɗauki alhaki.

A wancan lokaci mutane da yawa, a Yamai da Turai, sun ɗauka Abzin zai bi sawun Kidal. Ga duwatsu na ɓuya, ga makaman Libiya da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ga tsofaffin mayaƙa marasa aiki. Allah bai nufa ba. Maharan sun buga sun wuce, ba su sami masauki ba. Ya kamata mu tambayi kanmu dalili, domin abin da ya tsare mu jiya shi ne ya kamata mu tsare yau.

Dalilan suna da yawa. Mutanen Abzin sun ɗanɗani yaƙi sau biyu cikin shekaru 20, sun san kuɗinsa. An jawo tsofaffin jagororin tawaye cikin majalisun jaha da na gundumomi, kuma ɗan Iferwan, Brigi Rafini, ya riƙe muƙamin firaminista daga 2011 zuwa 2021. Fadar Sarkin Abzin da shugabannin ƙabilu da malamai sun ci gaba da jin maganar juna. Amma akwai dalili guda da ba a cika faɗa a jawabai ba, wato zinariya.

Mu duba ƙofofin abinci da suka rufe a jahar ɗaya bayan ɗaya. Yawon buɗe ido, wanda ya ciyar da direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa, ya durƙushe tun tawayen 2007, sace-sacen 2010 suka ƙarasa shi. Aikin Imuraren, da aka yi ta yi wa matasa alkawari da shi, an dakatar da shi a 2014. Doka mai lamba 2015-36 ta mayar da jigilar baƙin haure laifi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci tun daga 2016, har zuwa soke ta a watan Nuwamba na 2023. An rufe mahaƙar zinariya ta Jado a 2017. Kamfanin Cominak na Akokan ya daina aiki ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa gurbinsu, ban da na ƴan kwangila. Kowace ƙofa ta rufe, sai ka ga mutanenta sun ɗaura rawani sun nufi Cibarakaten ko ramukan cikin Abzin. Matashin da ya san hamada, ya iya tuƙi, wataƙila ma ya iya harbi, ya sami abin da zai sa ransa a kai. Wanda ke fatan tsintar arziki gobe ba ya sauraren mai yi masa wa'azin mutuwa yau.

To, wannan garkuwa tana da rauni, kuma alamun ƴan shekarun nan ba masu daɗi ba ne. A watan Oktoba na 2024 an kai hari Asamaka, aka kashe sojoji, ƙungiyar JNIM ta ce ita ce. A ƙarshen Fabrairu 2025 sojoji 11 suka kwanta dama a wani hari kusa da iyakar Aljeriya, ita ce kuma ta sake ɗaukar alhaki. A cikin garin Agadas kansa an sace wata ƴar ƙasar Ostiriya a watan Janairu na 2025, aka sace wata ƴar Suwis a watan Afrilu. Sojojin Faransa sun bar ƙasar a Disamba 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a Agusta 2024. Kowa da ra'ayinsa game da tafiyarsu, amma abu guda ba ya da gardama: nauyin tsaron wannan hamada yanzu a wuyanmu yake gaba ɗaya.

A nan dole mu yi adalci wajen kiran abu da sunansa. Yawancin masu tare hanyar Cibarakaten ƴan fashi ne, zinariya da mota suke nema, ba ruwansu da aƙida. Kiran kowane mai rawani da bindiga ɗan jihadi kuskure ne mai tsada. Amma ɗan fashi shi ne ke share wa ɗan jihadi fage. A gabashin Burkina Faso, tun wajen 2018, mayaƙan ba su fara da wa'azi ba. Sun tarar da ramukan da hukuma ta rufe, suka ce wa jama'a ku koma ku haƙa, mu za mu tsare ku. A arewacin Mali ma haka aka yi a mahaƙu da dama: suka kori ɓarayi, suka yanke hukunci tsakanin masu rikicin rami, sannan suka miƙa hannu suka ce a ba da zakka. Talaka ya ga hanya ta yi lafiya, ya biya. Ranar da ya farga, an rufe makarantar ƴaƴansa, an kashe mai garinsa, kuma babu sauran wanda zai kai wa ƙara. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar bangon Cibarakaten a fili take ga duk wanda ya tambayi masu zuwa can. Ruwan sha da mota ake kawo shi daga nesa, kuma tsadarsa ita ce ke fara cinye abin da leburan rami ya samu. Ramuka suna da zurfin gaske, suna rubzawa, ƙurar dutse tana cin huhu, kuma wanda ya ji mummunan rauni sai ya jure doguwar tafiya kafin ya ga babban asibiti. Wanda ya ɓata wa ayari lokaci ya tafi shi kaɗai, ya sa ransa da dukiyarsa a caca. Wanda ya bi jijiyar zinariya ya ƙetara iyaka ba da saninsa ba, ko da saninsa, yana iya ƙarewa a hannun sojojin Aljeriya. Idan mai rami ya hana lebura rabonsa, sau da yawa ƙarfi ne ke yanke shari'a. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce a buɗe ga duk wanda zai zo ya ce shi zai gyara.

Saboda haka kiranmu ga magabata bai wuce abin da za a iya ba. A ƙara yawan ayarin da ake yi wa rakiya, a sa masa ranaku sanannu, kuma kada rakiyar ta zama wata hanyar tatsar direbobi. A sa kuɗin harajin da ake karɓa daga zinariya cikin ruwa da gidan likita a wurin da aka haƙo ta, yadda mai biya zai ga abin da ya saya. A kai alƙali ko wakilinsa kusa da ramuka, ya yi aiki tare da kwamitocin masu haƙa da shugabannin gargajiya. Idan kuma wata rana aka ga dalilin rufe wani wuri, a tuna cewa dubban mutanen da za a kora ba za su ɓace ba, wani wuri za su nufa, kuma akwai masu jiransu. Ga jami'an tsaro, waɗanda muke yi wa ta'aziyyar ƴan uwansu da suka faɗi, muna tunatar da darasin Cintabaraden: duk lokacin da aka hukunta zango guda saboda laifin mutum ɗaya, an yi wa abokin gaba aikin ɗaukar mayaƙa kyauta.

Ku ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi, har yanzu da yawa daga cikinmu suna ɗaukar aikewa arewa tamkar horo, ana neman wanda zai sa baki a soke takarda. Amma malamin makaranta a Iferwan, da ma'aikacin lafiya a Timiya, da ɗan duwan a Asamaka, su ne fuskar Nijar da mutanen can suke gani. Jika biyu da aka karɓa a shinge ba bisa ƙa'ida ba tana yi wa ƙasa ɓarnar da babban jawabi a Yamai ba zai gyara ba.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku ne kuka fi kowa sanin hamadar nan. Kun san wanda ya sayi gangunan mai fiye da bukatar motarsa, kun san baƙon da ya biya ba tare da ya yi ciniki ba. Ribar irin wannan ciniki tana da daɗi ranar farko. Ƴan uwanku na Gawo da Tumbutu sun ɗanɗana, ku tambaye su yadda kasuwa take idan mai bindiga ne ke yanke farashi da ranar da mota za ta tashi.

Na koma wajen dattijon nan na tashar Arlit kafin in bar garin, na faɗa masa cewa maganarsa ta tsaya mini a rai. Ya ce shi ma ba da son ransa ya faɗe ta ba, bashi ne a kansa, ga iyali a Maraɗi suna jiran aike. Ban ga laifinsa ba. Haƙƙinsa ne ya kai kayansa lafiya, kuma wajibin hukuma ne ta zama ita ce ta ba shi wannan lafiya, tun kafin wani ya zo ya yi masa tayinta. Allah ya kai ayarinsu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.